Rigar Kwat Ce Ta Zo Neman Aurena

Kafin komai, ku yafe mini karambani. Na daɗe a zauren nan ina karanta labaran manyanmu, ban taɓa cewa uffan ba, in ban da sau ɗaya da na tura hoton fure a ƙarƙashin wani shafi, kunya ta kama ni, na koma na goge. Yau kuma wai ga ni da nawa labarin. Ban iya jimla mai sa kuka ba, ban san sunayen turaruka ba, motar da na fi sani ita ce ta haya. Na rubuta ne don na rasa wanda zan faɗa wa. A gidanmu da na buɗe baki sai a ce in rage murya, akwai baƙo a falo.

Babu baƙo a falon, jama'a. Rigar kwat ce. Amma bari in ɗauko muku daga tushe.

A gida Tabarau ake kirana tun ina firamare, har Abba yakan yi jim kafin ya tuno sunan da shi da kansa ya raɗa mini. Bara na gama jami'a. Yanzu ina tsaron wani ɗan shagon littattafai a bayan tashar mota, inda yawancin masu shigowa hanya suke tambaya.

Shi kuwa a ɗakin karatu na jami'a muka haɗu. Soket ɗaya ne mai aiki a ɓangarenmu, kuma kullum yana riga ni zuwa. Da ya ga na shigo sai ya zare cajarsa, ya nuna mini soket ɗin da ido, ya ci gaba da karatu wayarsa a mace. Na san a labaranku namiji yakan tare mace da mota ya sauke gilashi. Nawa caja ya zare. Shi ya sa a wayata Mai Caja na sa masa. Ba shi da surutu, ni ma ba ni da shi, sai shirunmu ya zo ɗaya.

Ranar da na daure na ce wa Umma yana so ya zo gaishe da Abba, ko ɗagowa ba ta yi ba daga gugar da take yi.

"Wa? Yaron nan mai takalmin da ya wage baki?"

"Ya sayi wani, Umma."

"To Allah ya sanya alheri, a gai da takalmin."

Haka maganar ta kwanta, har Allah ya sa ya samu aiki a bankin zuba jari. Na faɗa ne muna zaune a falo bayan la'asar, ni da Umma da Abba da Yaya, babban wana mai shagon kayan waya, da Goggo, ƙanwar Abba, wadda ta zo mana kwana biyu tun kafin in gama jami'a.

Abba ya ce, "Madalla. Ina reshensu? In je in buɗe ajiya, a ƙarfafa wa yaro."

"Ba a ajiya a wurinsu, Abba. Manyan kamfanoni suke taimaka wa su sayi junansu."

"Au, dillalai ne."

"Kusan haka."

Goggo ta taɓe baki. "Bankin da ba a ajiya ba a cira? To kuɗin ina suke zuwa?"

Yaya, da tun ɗazu yake latsa waya a bakin taga, don a duk gidanmu nan kaɗai sabis ke kamawa, ya juyo idanunsa waje. "Aljihun ma'aikata, Goggo. Zo ki ga abin da ake biyan wanda ya fito daga jami'a jiya-jiya."

Ba zan rubuta muku adadin ba, don har yau ban san gaskiyarsa ba. Goggo ta zare tabarau daga fuskata ba ko sallama, ta maƙala a tata, ta bi sifilan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta sake bi.

"A wata ne ko a shekara?"

"Ba su rubuta ba," in ji Yaya.

"To a wata ne. Mai kuɗi ba ya jiran shekara."

Na ce, a hankali, shafin fa bai faɗi kuɗin wace ƙasa ba ne, bai ma faɗi wane banki ba. Fanka ce kaɗai ta saurare ni. Umma ta cire dutsen guga daga wuta ta ce, "Ni dama tun farko na ga natsuwa a tafiyar yaron nan." Daga ranar babu sauran "yaron nan". Ya zama Ɗan Banki. Adadin kuwa ya sauka bene ya shiga maƙwabta, kafin ya dawo mana ta bakin mai kitso ya haifi sifili ɗaya.

Ranar da zai zo, an yaye zanin da ke rufe kujerun falo tun ina ƙarama, ashe launin ruwan zuma ne. An fito da kofunan cikin kabad ɗin gilashi, masu zanen zinariya a baki, waɗanda ko ranar da Yaya ya buɗe shago ba a taɓa su ba. Ni kuma Goggo ta cusa ni cikin wata doguwar riga kore mai duwatsu a wuya, da mayafi mai santsi da ke zamewa in na yi numfashi, ta ce in cire tabarau. Na ce ba zan gan shi ba. Ta ce, "Ke aka zo gani."

Na dai ɓoye su a hannu, da ya yi sallama na mayar.

Ya rame. Wannan na fara gani. Sai rigar kwat, shuɗiya mai duhu, mai kyau ƙwarai, sai dai hannayenta sun rufe masa yatsu, kafaɗun sun yi gaba sun bar shi. Ya durƙusa ya gai da Abba, wayarsa tana ta gurnani a aljihu kamar an ɗaure kyanwa a buhu. Aka nuna masa kujerar da ke fuskantar talabijin, aka zuba masa shayi.

"Ya aikin?" in ji Abba.

"Alhamdulillahi, Abba, muna koyo."

"Me kuke yi takamaimai?"

"Ni dai yanzu ina daidaita girman rubutu ne a shafukan da manya za su haska wa masu kamfani."

Abba ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka faɗa wa sunan cuta. Goggo kuwa ba ta iya kwana-kwana ba.

"Ɗana, mu nan ba baƙi ba ne. Nawa ne?"

"Goggo, an hana mu faɗa. Mun sa hannu."

Ta dubi Umma, Umma ta dube ta. "Kin ji ko? Abin da ya yi yawa shi ake hana faɗa. Wa ya taɓa hana malamin makaranta faɗin nasa?"

Abba, wanda ya yi ritaya yana malamin makaranta, ya kurɓi shayinsa.

Wayar ta sake gurnani. Ya duba, fuskarsa ta koma kamar takarda. Sai ya miƙe, ya cire rigar kwat ɗin, ya rataya ta a bayan kujerar, ya daidaita kafaɗunta da tafin hannu, ya ɗan karkata kofin shayin kamar wanda aka ajiye yanzu za a ɗauka. Duk cikin ƙiftawar ido, hannunsa ya san aikin.

"Yanzu zan dawo," ya ce. Ya fita.

Muka jira. Shayi ya huce, aka sake wani. Aka kira magariba. Sai ga saƙo.

Mai Caja: Malama ki yafe ni. Oga ya ce shuɗin da ke shafi na tsakiya ya yi shuɗi da yawa.

Ni: Ka bar rigarka.

Mai Caja: Innalillahi.

Mai Caja: Wallahi abin da na saba ne. A ofis in za ka tashi dole ka bar riga a kujera, a zaci kana nan. Ban san na yi ba.

Ni: Yaushe za ka zo ka ɗauka?

Ya fara rubutu, ɗigon nan uku suka yi ta rawa, suka ɓace. Ban sake jinsa ba sai washegari, shi ma hoton hannu biyu a haɗe ya turo.

Da safe na je zan ninke rigar, Umma ta buge mini hannu.

"Shi ya ajiye, shi zai zo ya ɗauka."

Goggo ta ce, "Ke yarinya ce. Namijin da ya bar rigarsa a gidanku ya kafa ƙusa ke nan. Ranar da rigar nan ta fita ƙofar nan ba a jikinsa ba, to auren ne ya fita."

To, tun daga nan muka shiga zaman da muke ciki. Aka juya wa rigar fanka, kada ta yi gumi. Aka hana kallon wasan dariya a talabijin, labarai kawai, su ma na tattalin arziki. Kullum da yamma Umma tana sauya shayin da ke gabanta, wai kada ya shigo ya tarar da mai sanyi. Yaya ya daina shiga falo da gajeren wando. Goggo da ta fara da "ku gyara mata wuya" ta koma "ku gyara masa". Maƙwabta suna hawowa gani, su tsaya daga bakin ƙofa su yi sallama a ladabce, Goggo ta ba su izinin taɓa shafin ciki da yatsa biyu.

"Ji santsi. Wannan ai kuɗin hayar shagonka ne na shekara," ta ce wa mai gyaran agogo na ƙasanmu. Mutumin ya ce Allah ya sa mu a danshinsu.

Abin da ya fi ba ni tsoro, sun fi son rigar a kan mai ita. Ba ta zubar da shayi, ba ta duba waya, Abba yana ba ta labarin zamanin koyarwarsa ba ta katse shi. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Ka gane ai," ya ɗan saurara, ya ci gaba. Har Yaya ya zauna kusa da ita ya yi mata bayanin yadda zai buɗe reshe na biyu in ya samu mai zuba jari, ya fito yana cewa, "Bai ce a'a ba."

Ni kuwa, 'yan'uwa, ina kwance a ɗaki ina kallon waya. Saƙonninsa sun koma kamar ruwan famfonmu, ɗigo yau, shiru gobe. "Kin ci abinci?" Kafin in ce e, ya ɓace. Na lissafa a raina, tun da ya fara aikin nan ban yi hira da shi ta tsawon shan kofi ɗaya ba.

Sai Abba ya kira ni baranda.

"Ranar Asabar kawun Ɗan Banki zai zo jin amsa. Ummanki da Goggonki sun riga sun amsa, har sun wuce wurin. Ke fa?"

"Abba, ina so in yi magana da shi tukuna."

"Ai ga shi nan a f..." Ya kama bakinsa, ya yi tari. "To ki yi. Amma ranar zan tambaye ki a gaban mutane. In kika yi shirun nan naki, amsa zan ɗauke shi."

Ni da shiru kuwa kun ji yadda muke. Ba na so in ce a'a, don ina sonsa, na rubuta na kuma rufe fuska. Ba na kuma so in ce e wa riga. Tambaya ɗaya tak nake so in yi masa ido da ido: in na aure ka, kai zan riƙa samu a gida, ko abin da ka rataya?

Washegari na rufe shago da rana tsaka, na manna takardar "ana zuwa", na hau mota zuwa ofishinsu. Dogon gini ne na gilashi, ƙofarsa tana juyawa da kanta, sai da na zagaya na dawo waje kafin na gane inda ake fita. Mai gadi ya rataya mini katin baƙi a wuya, lif ya haɗiye ni ya tofar a wani bene mai sanyi kamar cikin firij. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ce in zauna, ta nuna mini wata kujera da ba ta da baya.

Daga nan ana hango ɗakin aikinsu ta gilashi. Tebura a jere har ƙarshen gani, kowanne da allon kwamfuta biyu a kunne, da kofi a karkace. Kowace kujera da rigar kwat a bayanta, baƙa, shuɗiya, ruwan toka, kafaɗu a miƙe. Na goge tabarau na sake dubawa. Riguna sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba.

Sai na ga wani dogon saurayi ya zare riga daga wata kujera, ya rataya a ta kusa da ita, ya duba hagu da dama, ya fito da sauri. Idanunsa jajur, rigarsa ta ciki duk ta yamutse, a aljihun gaba ga biro ga buroshin haƙori.

"Ranki ya daɗe, ke ce Malama? Ni ne Dogo, teburinmu ɗaya da mutuminki. Kin zo da ita?"

"Da wa?"

Ya dafe kai. "Rigata."

"Taka?"

"Tawa. Ita ke nan gare ni. Tasa ya bari a kujera, ya ari tawa don ya je gaban Abbanku da mutunci, ya ce awa ɗaya. Yanzu riga ɗaya muke rabawa, kujera biyu. Oga ba ya gane fuska, riguna yake ƙirgawa. In zan shiga banɗaki a mayar da ita kujerata, in shi zai yi sallah a mayar tasa. Ba mu taɓa tashi tare ba. Mahaifiyata ta fara tambayar dangi ko an ɗaure ni ne ake ɓoye mata."

"Ku sayi wata mana."

"Da me? Kuma yaushe? Kafin mu fito masu shago sun yi mafarki biyu."

Nan fa, Allah ya yafe mini, jinin Goggo ya motsa a jikina. Na ji bakina yana cewa, "Albashin fa?"

Ya yi wata dariya marar sauti. "Wane albashi? A tsakiyar wata muka fara, suka ce sai ƙarshen na gaba za su haɗa mana. An dai ce yana da kyau. Waɗanda suka riga mu ma sun ce yana da kyau, lokacin zuwa su gan shi ne ba su samu ba. Kin ga waccan mai ruwan toka a lungu? An ce mai ita har gida ya saya."

"Yana ina?"

"Ba wanda ya sani. Wasu sun ce ya bar aiki tun bara. Ana dai ci gaba da biyan rigar, bana har ƙarin girma aka yi mata."

Na dube shi ko wasa yake. Bai yi kama da mai ƙarfin wasa ba.

"Shi fa, yana ina?"

Ya nuna wani ɗaki na gilashi. Ƙeyarsa na fara gani, ya sunkuya gaban allo, wani mutum mai sanƙo tsaye a kansa yana nuna wani abu da bakin biro. Kamar an taɓa shi, ya waigo. Ya gan ni. Ya ɗaga hannu rabi, bakinsa ya motsa, na san "Malama" ya ce. Mai sanƙon ya ƙwanƙwasa allon, hannun ya sauka. Ban san lokacin da tabarau suka yi hazo ba.

Dogo ya rage murya. "Ki dawo mini da rigata, ni kuma na yi miki alkawarin yamma guda cur. Zan tsare masa kujera, in riƙa motsa linzamin kwamfutarsa kada allon ya mutu, in sauya masa shayi, in an tambaya in ce cikinsa ne. Don girman Allah, ranki ya daɗe. Ina so in ga gadona."

A mota ina ta saƙa da warwara. In na ce wa su Umma rigar ta aro ce, Goggo za ta sauka bene da labarin kafin in rufe baki, ya koma yaro mai takalmi, a wulaƙanta shi a kan abin da ya yi don ya girmama Abba. In na yi shiru, Asabar ta zo a aurar da ni ga rigar Dogo. Na gwada ta lalama.

"Umma, ko in kai masa ita wanki da guga?"

"An goge shi jiya."

"Ƙila yana jin sanyi a ofis."

"Mai wannan albashin? Sanyi ma sai ya nemi izini."

Na gwada ɗauke ta a ɓoye da asuba, na tarar Goggo ta shimfiɗa dardumarta a falo, wai ta fi samun natsuwa a nan.

Asabar ta zo. An sake cusa ni cikin koren nan mai duwatsu, ni kuma na ɗora babban hijabina ruwan ƙasa a kai, na ce mura nake ji. Bayan azahar kawunsa ya iso, wani dattijo mai fara'a da sanda da ƙamshin man zafi. Ya gaisa da Abba, ya gaisa da kowa, sai idonsa ya faɗa kan kujerar.

"Ikon Allah! Ashe har irin wannan yake sawa yanzu? Mu bai nuna mana ba." Ya zauna kusa da ita, ya dafa mata kafaɗa. "Ka kyauta, ɗana."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kaɗai na ciji leɓe a kujerar kusa da ƙofa.

Aka yi addu'a, aka sha lemo, aka yi zancen tsadar rayuwa. Abba ya gyara murya ya dube ni, na san tambayar ce ke tafe. Sai kawun ya ɗaga hannu.

"Kafin nan, Malam, tunda mun zama ɗaya." Ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Nawa ne albashin nasa? Mu ya ƙi faɗa mana. Uwarsa ta ce in tambaya, ƙila ku ya faɗa wa."

Fanka ta ci gaba da kaɗa hannun rigar.

"Au, ku ma ba ku sani ba?" in ji Umma.

"Mun dai gani a waya." Ya zaro wata tsohuwar waya daga aljihu, ya faɗi nasa adadin.

Goggo ta miƙe tsaye. "Haba Alhaji! Wannan ai ko rabin namu bai kai ba. Kun rage wa yaro albashi a gidanku?"

"Namu da alawus ne, Hajiya."

"Namu ba alawus ma ya ninka naku!"

"Akwai kuɗin ƙarshen shekara fa," in ji Yaya, "shi ba a haɗa shi. Bari in buɗo muku."

Shafin ya ƙi buɗuwa. Yaya ya nufi taga, wayar a sama kamar mai neman tsuntsu. Kawu ya dogara sanda ya bi shi da tasa wayar. Goggo ta bi, Umma ta bi tana cewa a duba na sabon shiga, ba na tsofaffi ba. Aka jawo Abba, wai shi ya iya lissafi, a ba shi ya raba da sha biyu. Kai biyar a bakin taga ɗaya, duk sun ba ni baya, labule ya lulluɓe rabinsu.

"Abba," na ce. "Ina da magana."

"A cire haraji tukuna," in ji kawu.

"Wane haraji?" in ji Goggo. "Su suke ba gwamnati bashi!"

Ban san daga ina ƙarfin ya zo mini ba, ni da ko canjin mota ba na iya tambaya. Na tashi a kan yatsun ƙafa. Na zare rigar daga kujerar, tana da nauyi, tana ƙamshin turaren Umma. Na ɗaga hijabi na zura hannuwana a ciki, ta sauko mini har gwiwa, na saki hijabin a kai. Na zama kamar an rufe firij da zani. Na ɗauki takalmana a hannu.

A bakin ƙofa wayata ta yi motsi. Na kusa sakin takalman.

Mai Caja: Malama, na bar wa Dogo tawa rigar. Kujerata ba komai a kanta. Ina tsaye gaban shagonki, daga ni sai 'yar shat. In an kore ni an kore ni. Kada ki ba Abba amsa sai kin gan ni.

Na karanta, na sake karantawa, duwatsun wuyana suna ta cizona a ƙarƙashin rigar wani. Albashin da ake yaƙi a kansa a bakin taga, wanda ko ƙwandala ba ta shigo ba tukuna, mai shi ya bar shi a kan kujera tsirara ya fito titi.

Ni: Kar ka motsa.

Kafin in mayar da wayar, wani saƙon ya faɗo daga lambar da ban sani ba.

Ranki ya daɗe, Dogo ne. Oga ya fito zagaye. Ya fara ƙirga daga lungu.

Na murɗa hannun ƙofar a hankali, na ɗan ɗaga ta sama yadda ba za ta yi ƙara ba. Daga bakin taga na ji muryar Goggo ta hau kan ta kowa.

"Kai, ku tsaya! Muna ta wahalar da kanmu, ga mai albashin nan zaune a bayanmu. A tambaye shi mana, ai yanzu ba zai ɓoye wa kawunsa ba!"

Ban jira sun juyo ba. Na ja ƙofar, na sauka benen ba takalmi, hannayen rigar suna reto har sun wuce yatsuna.